Jikan da ba ya jin harshen kakarsa

A ranar 1 ga Maris, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma na Amurka, abin da gwamnatin tarayyar ƙasar ba ta taɓa yi ba tun kafuwarta. Kowa ya san inda aka dosa, domin an daɗe ana ƙorafin cewa 'yan Latino, wato masu asali daga Meziko da Kyuba da Puerto Rico da sauran ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, sun ƙi sajewa da al'adar ƙasar. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke nan. A ganina wannan ƙorafi bai da tushe, kuma idan akwai harshen da ke dusashewa a gidajen waɗannan mutane, to Sifaniyanci ne.

Da farko ma, ba dukkansu ne baƙi ba. Kafin yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, wadda a cikinta Meziko ta sallama wa Amurka yankuna masu faɗi, Kalifoniya da Nevada da Utah da New Mexico da Arizona ƙasar Meziko ce, shi ya sa zuriyar mazauna yankin ke cewa iyaka ce ta tsallake su. Mutanen Puerto Rico 'yan ƙasa ne tun 1917. Daga 1942 zuwa 1964 kuwa, gwamnatin Amurka ce da kanta ta riƙa gayyato 'yan ƙwadago daga Meziko a ƙarƙashin shirin Bracero, su yi mata aikin gona.

Wanda ke son ganin yadda sajewar ke gudana, ya dubi gida ɗaya. Uwa ta zo da girmanta, tana gyaran ɗakuna a otal daga asuba zuwa la'asar, Turancinta bai wuce na gaisuwa da cefane ba. 'Yarta mai shekara goma ita ce tafinta: ita ke karanta takardar mai gidan haya, ita ke tsayawa tsakanin uwar da likita tana fassara bayanin cutar da bai kamata yarinya ta ji ba. Wannan yarinya za ta girma da harshe biyu. 'Ya'yanta kuma, a mafi yawan gidaje, Turanci kaɗai ke zama a bakinsu, sai 'yan kalmomin abinci da na zolaya. Haka ta faru da Jamusawa da Italiyawa da suka yi ƙaura tun da can, kuma masu binciken harshe sun daɗe da ganin 'yan Latino na bin wannan sawu. Abin da ke ruɗar mai kallo daga nesa shi ne sababbin zuwa ba sa yankewa, don haka kullum akwai masu kallon tashoshin talabijin na Sifaniyanci irin su Univision da Telemundo, kullum titin Calle Ocho na Miami cike yake da Sifaniyanci, alhali jikokin waɗanda suka fara zama a unguwar sun daɗe da komawa bayan gari.

Ba kuma da son rai kaɗai aka yi wannan asarar ba. Har zuwa shekarun 1960 ana hukunta yara a makarantun Texas da Kalifoniya idan an ji su suna magana da harshen gida, kuma wannan na cikin abin da ya sa dubban ɗalibai suka fice daga azuzuwa a gabashin Los Angeles a 1968. A 1998 masu zaɓe a Kalifoniya suka taƙaita koyarwa da harshe biyu, sai a 2016 suka janye dokar.

Ban ce babu matsala ba. Miliyoyin mutane na zaune babu takardun izinin zama, kuma wannan ne ainihin abin da ke hana mutum sakewa. 'Yan Kyuba, da dokar 1966 ta sauƙaƙa wa samun izinin zama, sun kafa kasuwanci sun shiga siyasa, har ɗansu Marco Rubio ya zama sakataren harkokin waje. Yaron da aka shigo da shi yana goye kuwa, wanda bai san wata ƙasa ba sai Amurka, har yau rayuwarsa na rataye da shirin DACA na 2012, wanda ke dakatar da korar irinsa daga ƙasar, da ake ta ja-in-ja a kansa a kotu.

Su kuma jikokin da suka saje sarai, 'yan uwansu ne ke yi musu ba'a da laƙabin "no sabo", saboda haka yaron da bai iya nahawun Sifaniyanci ba ke cewa "ban sani ba", maimakon "no sé". Wasu daga cikinsu yanzu suna biyan kuɗin darasi domin su iya hira da kakarsu ba tare da uwarsu ta zauna a tsakani tana fassara ba.