Rigar ruwan hoda da zancen mazantaka

Jiya a wurin aiki wani matashi ya shigo sanye da riga ruwan hoda. Ko zama bai yi ba aka fara: "Kai, ta yayarka ka aro?" Ya yi murmushin yaƙe, ya rungume jakarsa a ƙirji, bai sake ta ba har aka tashi. Abin ya tsaya mini a rai.

Jama'a, iyakar da ake ja tsakanin kayan maza da na mata ba zaune take wuri ɗaya ba. Takalmi mai tsini da ake ganin na mata ne yanzu, mahayan dawakin Farisa sun daɗe suna sa shi don ƙafa ta kama likkafa. Sarkin Faransa Louis na 14 da mai jan dunduniya yake taƙama, fadawansa na kwaikwayo. A 1918 wata mujallar 'yan kasuwar tufafi a Amurka ta shawarci iyaye su sa wa yaro namiji ruwan hoda, yarinya kuma shuɗi, wai hoda ta fi ƙarfi. Har gobe ango a Sikotilan yana ɗaura siket ɗinsu na kilt, magidanci a Indonesiya yana ɗaura zanensu na sarong, babu mai ɗaga musu gira.

Kada a ce na ce komai ya tafi daidai. Da mawaƙin Birtaniya Harry Styles ya fito a bangon mujallar kwalliya ta Vogue ta Disamba 2020 cikin doguwar riga irin ta mata ta kamfanin tufafi na Gucci, mutane suka yi ta kiran 'yanci, ni kuwa talla na gani. Kamfani ya gano cewa idan ya goge layin, riga ɗaya za ta samu masu saye biyu. Namijin da ya ɗauki kayan mata da gangan don ya kamanta kansa da mace, addinina ya yi magana a kai, kuma ina nan a kan abin da ya faɗa.

Amma wannan yaron fa? Riga ce ta maza, ɗinkin maza, launi kawai. Shi ke ɗauke da mahaifiyarsa da ƙannensa uku tun rasuwar babansu, albashi na shiga yake turawa gida. Wallahi raina ya ɓaci da na yi shiru ana yi masa dariya, ban ce uffan ba.

Yau da safe ya zo da baƙar riga, ya wuce teburinsa bai gaishe da kowa ba.