Ƙwayar ƙarfin maza da maganin ciwon ƙirji ba sa haɗuwa

Jama'a, yadda ake sayar da ƙwayar ƙarfin maza a kemis ba tare da tambaya ko ɗaya ba yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba ƙwayar nake zargi ba. Mai kemis ba ya tambayar dattijo ko yana shan maganin zuciya, shi kuma dattijon kunya ba ta barinsa ya faɗa.

A bangon jijiyar jini akwai wata tsoka da ba ta jiran umarninmu, irinta ce a hanji da mahaifa da mafitsara. In za ta tsuke, kalsiyam ke shiga cikinta ya manne wa furotin mai suna kalmodulin, huɗu a kan kowane ɗaya. Kalmodulin ya tayar da MLCK, wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, shi kuma ya ɗora sinadarin fosfet a kan ƙaramin sashen mayosin, furotin da ke jan tsoka. Da zarar fosfet ya zauna, mayosin ya cafki zaren furotin mai suna aktin ya ja, jijiya ta matse, jini ya hau. Akwai kuma wani enzayim mai cire wannan fosfet ɗin, in ya cire tsoka ta saki. Faɗin jijiyarka a yanzu haka ya danganta da wanda ya rinjayi ɗan'uwansa a cikin su biyun.

To, ƙwayar naitirogilisarin da mai ciwon ƙirji ke sa wa a ƙarƙashin harshe tana sakin iskar naitirik oksaid, iskar da binciken aikinta a jijiya ya ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Iskar tana ƙara sinadarin cGMP, shi kuma ya rage kalsiyam, ya zaburar da mai cire fosfet. Sildenafil, wato Viagra, yana toshe PDE5, enzayim ɗin da ke rushe cGMP. Ɗaya ya buɗe famfo, ɗaya ya toshe magudana. Jijiyoyi su saki gaba ɗaya, jini ya faɗi warwas, mutum ya sume, zuciyar da dama ba ta samun isasshen jini ta ƙara rasawa.

Abin da ma mutane ba su sani ba, kamfanin Pfizer don ciwon ƙirji ya fara gwada sildenafil, kafin Amurka ta amince da shi a matsayin maganin maza a 1998. Tun asali maganin jijiya ne.

Masu cewa su na gargajiya suke sha, ku ma ku bi a hankali. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil da tadalafil, wata ƙwayar ƙarfin mazan, a ɓoye cikin zuma da garin da aka rubuta wa "na itatuwa ne zalla".

Ni a ganina laifin mai kemis ya fi na Alhaji, don shi ya kamata ya san wannan. Tambaya ɗaya ce: "Baba, kana shan maganin zuciya?" In kuma ciwon ƙirji ya kai mutum asibiti, ya faɗa wa likita abin da ya sha ko da ɗansa na tsaye a wurin, domin ba a ba da naitirogilisarin sai an yi awa 24 da shan sildenafil, tadalafil kuwa sai awa 48.