Wai Baba mai agashe bai san dalilin zuwansa duniya ba

Duk wanda ya halarci walimar jiya ya ji abin da yaron nan ya faɗa, saboda haka ba sai na ambaci sunansa ba. Shekara uku kacal ya yi a Jidda, ya dawo da agogo da ƙamshin turare, sai ga shi yana sanar da mu cewa dattijon da ya shekara arba'in yana gasa agashe a bakin kasuwar garin Mai Wurno, a nan Sudan, ya ɓata rayuwarsa. Madalla. Ashe riyal ne yake buɗe idon basira, mu kuwa muna nan cikin duhu ba mu sani ba.

Ni tun ina yaro na san Baba. Kafin kiran assalatu ya gama fere nama, ya daka ƙuli-ƙuli da yaji, ya hura gawayi. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, mutane suka riƙa isowa da kayan jikinsu kaɗai, na gan shi yana naɗe nama a takarda yana miƙa wa yaran baƙi ba tare da ya ƙirga tsinke ba. Mutumin da yake kwana da sanin wanda zai ciyar gobe ya san dalilin zuwansa duniya, ko yaron ya yarda ko bai yarda ba.

Za a ce talauci ba abin alfahari ba ne. Wa ya yi musu? A nemi kuɗi, halal ne. Amma kakanninmu da suka baro ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi a 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, zuwa gabas da niyyar Makka, da yawansu a nan gaɓar Nilu suka tsaya, suka yi noma, suka tsinci auduga a Jazira, aka binne su ba su ga Ka'aba ba. Su ma sun ɓata rayuwarsu ke nan? Shi yaron da jirgi ya kai shi inda suka yi shekaru suna takawa ba su isa ba, me ya dawo mana da shi ban da raini?

Tun da maganar ta zo, a gaya masa cewa naman da ya cinye tsinke huɗu a walimar, har yana lasar yatsa yana neman ƙari, daga wutar Baba aka ɗauko shi.