Rijiya Ta Bayar, Guga Zai Hana: Batun Haramta Shigo Da Farantan Sola

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2025, ministan ƙirƙire-ƙirƙire, kimiyya da fasaha na wancan lokacin, Uche Nnaji, ya bayyana cewa gwamnatin tarayya na shirin dakatar da shigo da farantan sola daga waje, wai don a ƙarfafa wa masu ƙera su a cikin gida. Ba a rufa wata guda ba sai ga labarin naira biliyan 10 da aka ware a kasafin kuɗin 2025 domin sanya wa fadar shugaban ƙasa wutar sola. Da jama'a suka yi ca, sai mai magana da yawun shugaban ƙasa ya ce ai ko fadar White House ta Amurka tana da farantan sola a kanta.

To madalla. Ni ban ga laifin fadar Aso Rock ba don ta koma wa rana. Fadar da kamfanin rarraba wuta na Abuja ya taɓa sanya sunanta cikin jerin masu taurin bashi a watan Fabrairun 2024, ya yi barazanar yanke mata wuta kan kuɗin da ya haura naira miliyan 900, ai dole ta nemi mafita. Ta dai gano abin da mai rumfar cajin waya a Kurna ya gano tun shekarun baya. Abin da ya ɓata mini rai shi ne a ce mai gida ya sha ya ƙoshi, sannan ya sa a rufe bakin rijiyar.

Kowa ya san halin da wutar ƙasar nan take ciki, ba sai na ja zance ba. A takarda, tashoshinmu za su iya samar da megawat wajen 13,000. A zahiri, abin da ke isowa ga mutum sama da miliyan 200 yana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000. A farkon Maris na 2025 da aka taɓa 5,801, har shela aka yi, kamar an ga watan sallah. Kusan kashi huɗu cikin biyar na wannan wuta daga iskar gas yake fitowa, ragowar kuma daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Tashoshin gas ɗin nan, irin su Egbin a Legas da Afam a Ribas da Azura a Edo da na Sapele da Ughelli a Delta, duk suna can inda gas ɗin yake. Na kusa da mu a Arewa su ne na Geregu a Ajaokuta. Ma'ana, Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri a wutsiyar waya suke zaune, suna jiran abin da ya rage bayan ya ratso ɗaruruwan kilomita na daji.

Mun ga abin da hakan ke nufi a watan Oktoban 2024. An lalata turakun babban layin Shiroro zuwa Kaduna a yankin da 'yan bindiga suka hana injiniyoyi shiga, layin da ke biyowa ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, sai ga mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Ƙanƙara ta zama sai wane da wane. Masu walda suka zauna suna kallon ƙarfe. Injin niƙa ya tsaya, kuɗin kurar ruwa ya tashi saboda babu wutar jawo ruwa daga burtsatse, masu sayar da kifi da kaji suka yi ta zubar da kaya. Wa ya tsira a kwanakin nan? Wanda ke da kuɗin dizal, da wanda ke da faranti a kan rufin kwanonsa. Na farkon 'yan ƙalilan ne. Na biyun kuwa har da tela, da mai kemis, da mai shayi, da masallacin unguwa da jama'a suka yi karo-karo suka saya masa faranti huɗu da batir biyu don a samu lasifika da fanka.

Wannan shi ne abin da ake son a taɓa. A duk faɗin harkar wutar lantarki a Arewa, ɓangare ɗaya ne yake tafiya ba tare da an kafa kwamiti ko an yanka kirtanin buɗewa ba, wato solar da mutane ke saya da guminsu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 800, ƙaramin janareto ya zama abin ado a gidaje da yawa. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga naira 68 zuwa 225 kan kowane ma'auni, da alƙawarin awa 20 a rana wanda masu biya suka fi kowa sanin gaskiyarsa. Mutane suka yi lissafi da kansu. Manomin rani a Kadawa ko kwarin Haɗejia da ke ƙona fetur kullum don ban ruwa ya ga cewa famfon sola sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, rana kuma ba ta aiko da takardar bil. Babu wanda ya yi masa lacca kan sauyin yanayi. Ni ma ba da wannan nake kafa hujja ba, duk da cewa mu da hamada ke cin gonakinmu mun fi Bature dalilin damuwa. Aljihu nake magana.

Hujjar masu son a hana ita ce kishin ƙasa: a ƙera a gida, a samar da aikin yi, a daina zubar da dala. Magana ce mai daɗin ji, amma bari mu tambaya, me ake ƙerawa a gidan? Farantin sola ba tukunyar ƙasa ba ce da za a ɗebo yumɓu a bayan gari. Ana tace sinadarin silikon ya yi tsarki matuƙa, a narkar da shi, a yayyanka shi siriri, a mai da shi ƙananan ƙwayoyin da ke juya hasken rana ya koma wuta, sannan a jera su a rufe da gilashi. Sama da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na wannan aiki a ƙasar Sin ake yin sa. Jamus da Amurka, da duk kuɗinsu da iliminsu, sun kasa ja da Sin a farashi. Abin da 'yan masana'antunmu ke yi, har da ta NASENI, hukumar gwamnati ta kimiyya da injiniyanci, da ke Karshi a Abuja wadda ministan ya yi tinƙaho da ita, shi ne matakin ƙarshe: a shigo da ƙwayoyin daga waje a harhaɗa. Ba na raina wannan, sana'a ce, kuma ina fatan ta bunƙasa. Amma abin da suke fitarwa a shekara bai kai ya cike gurbin abin da ke shigowa ba, ko kusa. Idan aka rufe ƙofa yau, dalar da ake cewa za a adana za ta fita ne ta taga wajen sayo kayan haɗi, sai dai wannan karon mutum uku ko huɗu masu lasisi ne za su riƙa yanka mana farashi.

Kuma ai mun taɓa shan wannan magani. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu da sunan kare manomin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta sauya, ta koma bin daji a kan babura ta wajen Jibiya da Illela da Maigatari, kuɗinta ya ƙaru da na toshiyar baki a kowane shinge. Ta gida kuma ta bi sahu ta yi tsada. Ita shinkafa ma muna nomawa, muna da ƙasar da ruwan da manoman. Yaya ke nan abin da ko ƙwayarsa ba mu iya yi ba? Wanda zai ci ribar haramcin nan ɗan fasa-ƙwauri ne, kuma abin da zai kawo mana shi ne tarkacen da aka ƙi a wasu ƙasashe, faranti mai rubutun wat 300 da ba ya ba da rabin haka.

Akwai kuma masu cewa duk wannan zancen sola wasan yara ne, ƙasa mai arzikin gas kamar Najeriya gas ɗinta za ta riƙe. Su je su faɗa wa kamfanonin samar da wuta da suka yi kuka a 2025 cewa suna bin bashin kusan naira tiriliyan 4, har masu ba su gas ɗin suna rage musu. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020 da cewa shekara biyu za a gama. Har aka shiga 2025, shekara ta biyar, unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano suna jira. Tashar Kudenda a Kaduna mai megawat 215 tun 2009 aka ba da kwangilarta. Ina son gas ɗin ya iso, domin babbar masana'anta tana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa, kuma tashar gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a Maiduguri a 2023, bayan 'yan ta'adda sun tarwatsa turakun layin Damaturu a 2021, ta nuna amfanin a kafa tasha kusa da masu shan wutar. Amma kada wanda ya kasa kawo nasa a kan lokaci ya ce in kashe fitilata in jira shi.

Tarihin gwamnati a ɓangaren makamashi mai sabuntawa ma abin kunya ne, shi ya sa nake mamakin ƙarfin halin da take da shi na tsoma baki. Aikin tashar wutar ruwa ta Mambilla a Taraba, fiye da shekara 40 ana jiran gawon shanu. A 2017 aka amince da kwangilar dala biliyan 5.8 don megawat 3,050, amma abin da aikin ya haifar zuwa yanzu shi ne shari'a da kamfanin Sunrise, wadda ta kai tsoffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, birnin Paris ba da shaida a watan Janairun 2025. Fankokin iska 37 na Lambar Rimi a Katsina, masu megawat 10 kacal, tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna aka faro maganarsu, aka yi ta jan ƙafa, har da sace injiniya Bafaranshe a 2012. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na 2016, lokacin da gwamnati ta sa hannu da kamfanoni 14 kan gina manyan tashoshin sola na jimillar megawat sama da 1,100, mafi yawansu a Arewa, irin su Kankiya da Ganjuwa da Dutse. Aka tsaya gardamar farashi da takardun lamuni har shekaru suka shuɗe, ba a gina ko ɗaya ba. Da an gina su, da duhun Oktoba bai kai haka ba, aƙalla da rana. Abin da aka iya nunawa shi ne megawat 10 na Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023, da megawat 7.1 na Jami'ar Bayero a 2019, da farantan kasuwar Sabon Gari. A ƙasar da rana ke dukan ƙeya tun hantsi har la'asar sakaliya!

Na san za a ce rana ba ta fitowa da dare, ƙurar hunturu tana rufe faranti, zafin bazara ma yana rage masa ƙarfi. Gaskiya ne, kuma duk mai sola ya san da tsumman goge faranti da tsadar batir. Sai dai Allah ya riga ya haɗa mana abin a wuri guda. Madatsar ruwa ai rumbu ce: a riƙe ruwa da rana lokacin da farantai ke aiki, a sake shi da dare. Watannin da ruwa ke ja baya a Kainji da Shiroro su ne watannin da rana ta fi ƙarfi. Ga Tiga da Challawa Goje a Kano, ga Dadin Kowa a Gombe, ga Kashimbila a Taraba, ga Gurara a Kaduna. Ba sabon ilimi ba ne, niyya ce ta yi ƙaranci.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗani darasin kafin mu. Da Najeriya ta yanke musu wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, alhali mafi yawan wutar da suke sha daga nan take zuwa, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 tana cikin abin da ya rage wa Yamai raɗaɗi, mutane kuma suka yi rububin farantai a kasuwa. Wanda wutarsa ke hannun wani, ko a ƙarshen wata doguwar waya da ɗan bindiga zai iya tsinkewa, a aro yake zaune.

Abin yi ba boyayye ba ne. A bar ƙofa a buɗe, a sa hukumar kula da ingancin kaya ta yi aikinta a kan jabun faranti da batir, masu harhaɗawa a gida kuma a sauƙaƙa musu haraji da bashi, gwamnati ta riƙa sayen nasu don makarantu da asibitoci har su yi ƙarfi. Gwamnoninmu da suka taru a Kaduna lokacin duhun Oktoba suna kiran a faɗaɗa hanyoyin samar da wuta, dokar lantarki ta 2023 ta riga ta ba kowace jiha ikon kafa kasuwar wutarta. Ban ji ko ɗaya daga cikinsu ya ce uffan kan wannan haramci ba, alhali talakawansu ne za su fi kowa ji a jika.

Shi kuwa Nnaji, tambaya ɗaya nake da ita gare shi. Farantan nan na naira biliyan 10 na fadar shugaban ƙasa, a bar 'yan jarida su leƙa bayansu su karanta mana sunan ƙasar da aka ƙera su. Idan na Karshi ne, zan dawo wannan shafi in ba shi haƙuri.