Araha ba ta ado: gishirin da ya kori maƙoƙo da kwalaben da ake yi mana talla

Duk wanda ya haura shekara arba'in zai iya tuna lokacin da ba a cin kasuwar ƙauye a tashi ba a ga mace ɗaya ko biyu masu maƙoƙo ba, wuya ya kumbura, ana ta jan gyale ana rufewa. Wasu su ce ruwan rijiyar garin ne, wasu su ce gado ne, wasu kuma su ce jifa aka yi mata. Yau in ka tambayi ɗan sakandare mene ne maƙoƙo, da wuya ya ce maka ya taɓa gani da idonsa. Ciwon bai ƙare kakaf ba, amma ya ja da baya ƙwarai, kuma abin da ya kore shi yana nan cikin robar gishirin kowane ɗakin girki.

A 1993 ne Nijeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishirin da ake sayarwa don ci. A lokacin, bincike ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba suna da alamar maƙoƙo. Zuwa 2007, zamanin da marigayiya Dora Akunyili ke shugabantar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, an shaida Nijeriya a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta cika sharaɗin wadata jama'arta da gishiri mai aidin. Dabarar tsohuwa ce, Suwizalan ta fara tun 1922, Amurka ta bi sahu a 1924.

Abin mamakin shi ne ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai juna biyu kuma 250. In ka tara na shekara saba'in, bai cika cokalin shayi ba. Amma in aka rasa wannan ɗan mitsitsin, halittar nan da ke gaban maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayiroyid, sai ta yi ta kumbura garin ƙoƙarin tace abin da babu shi a jini. Kumburin ma shi ne mai sauƙi, tunda ana ganinsa. Ɓarnar da ba a gani ita ce ta ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki, wanda zai zo duniya da rauni a fahimta da babu malamin da zai iya gyarawa. Aidin a teku ya fi yawa, mu kuma da ke nesa da teku ƙasar nomanmu ba ta da shi sosai, don haka abincinmu ma ba shi da shi.

Na ɗauko zancen daga nan ne saboda tallan da ya ishe mu. A WhatsApp, a TikTok, a tashar mota, har a ofis ta hannun abokin aikin da ya shiga kasuwancin nan na "kawo mutum uku ka samu kaso", ana tallata kwalabe da ƙwayoyi na ƙarin ma'adinai. Wata kwalbar an ce ma'adinai saba'in da 'yan kai ne a cikinta. Tana maganin kasala, tana maganin ciwon gaɓoɓi, tana gyara sukari da hawan jini, kuma ba a taɓa mantawa da ƙarin kuzarin maigida, don an san nan ne aljihu ke saurin buɗewa. Ma'adinan da kimiyya ta tabbatar jikin mutum yana buƙata, manyansu da ƙananansu, ba su kai ashirin ba. Sauran hamsin ɗin mai talla kaɗai ya san aikinsu.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ƙananan ma'adinai irin su aidin, ƙarfe, zink da seleniyam suna da matuƙar muhimmanci, kuma ƙarinsu yana ceton rai. Sai dai ƙarin da aka tabbatar yana aiki mai araha ne, an san wanda ake ba shi, an san adadi, an san kwana nawa. Mai tsadar da ake sayar wa ma'aikaci mai cin nama da ƙwai da kifi kusan kullum, yawanci a fitsari yake ƙarewa. Kuɗin yana tafiya inda babu buƙata, masu buƙatar kuma suna ƙauye babu wanda ke yi musu talla.

Ɗauki zink. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar cewa duk yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, a haɗa masa da zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba kuma miligiram 10. Zink yana rage kwanakin gudawar da tsananinta, yana kuma kare yaron daga sake kamuwa har tsawon wata biyu zuwa uku. Sama da shekara ashirin ke nan da wannan shawara, amma har gobe uwa za ta ce "haƙori ne yake fitarwa", ta je kemis a haɗa mata Flagyl da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsu. In ma an ba ta zink ɗin, da zarar zawon ya tsaya a kwana na uku sai a jefa sauran a kan wadirof. Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Wa ya zauna ya gaya mata cewa kwanakin da suka rage su ne rigakafin?

Maganar ƙarfe kuwa ta fi tsawo, kuma ita ce ta fi damuna. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Ba duka ne daga rashin ƙarfe ba, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai tsutsar ciki, akwai sikila. Amma rashin ƙarfe yana da kaso babba. Mai ciki ana so ta riƙa shan ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, su ne 'yan ƙwayoyin nan ja da ɗorawa da ake bayarwa a wurin awo. Mace mai ƙarancin jini in ta zubar da jini wajen haihuwa, abin da wata za ta jure ita shi zai tafi da ita.

To me ya sa ake karɓar ƙwayoyin a ajiye? Wasu saboda tashin zuciya, wasu saboda sun ga bahayarsu ta yi baƙi sun tsorata, alhali wannan ba komai ba ne. Wasu kuma uwar miji ce ta ce maganin asibiti yana sa ɗa ya yi ƙato a ciki har a kai ga yin aiki. Sai a koma wa abin da aka fi yarda da shi, lemon malt da madarar gwangwani, wai yana ƙara jini. Madara abinci ce mai kyau, amma ƙarfen da ke cikinta kaɗan ne, kuma sinadarin kalsiyam ɗinta ma yana rage wa hanji tsotsar ƙarfe. Kuɗin haɗin nan na kwana ɗaya da an kai wa mahauci an karɓo hanta, da an fi cin riba. Haka shayi. Ina cikin masu son shayi, amma gaskiya ɗaya ce, shan baƙin shayi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin abincin. A ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. Lemon zaƙi, tumatir, gwaiba da tsamin lemon tsami su kuma taimakawa suke yi.

Yanzu ɗaya gefen, wanda mai talla ba ya taɓa faɗa. Waɗannan sinadarai tsakanin isarsu da yawansu ba nisa. A tsibirin Pemba na Zanzibar an yi wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2006, inda aka riƙa ba ƙananan yara ƙarfe da folik asid ba tare da tantance masu buƙata ba, a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Dole aka dakatar da wannan ɓangaren gwajin, domin yaran da ke shan ƙarfen sun fi kwanciya asibiti. Daga nan aka koyi cewa a irin yankunanmu, ba a ba yara ƙarfe sai an haɗa da rigakafi da maganin zazzaɓi. Mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini kuwa, ƙarfe taruwa yake a jikinsa har ya taɓa hanta da zuciya. Ka ga ke nan 'yar uwar da ta sayo masa tonik ɗin ƙarin jini don tausayi, garin neman gira za ta rasa ido. Kuma ƙwayar ƙarfe ta manya in yaro ƙarami ya samu ya hadiye da yawa, guba ce da ke iya kisa.

Seleniyam ma haka. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin rashinsa a ƙasar noma ya haddasa ciwon zuciya da ya kashe yara da mata, Finlan kuma tun 1984 take zuba shi a takin zamani saboda ƙasarta ba ta da shi. To amma da Amurkawa suka gwada ba maza sama da 35,000 seleniyam da bitamin E don kare su daga kansar prostate, wato halittar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, an tsayar da gwajin a 2008 saboda babu wata kariya, daga baya ma aka ga masu shan bitamin E ɗin sun fi kamuwa. A wannan shekarar dai, mutum kusan 200 a Amurka suka sha wani ruwan ƙarin sinadarai da aka yi kuskuren zuba masa seleniyam ninki 200 na abin da aka rubuta a jikin kwalbar, gashi ya yi ta zuba, farce ya lalace. Wannan a ƙasar da ke da dakunan gwaji ko'ina. Sai ka yi tunanin kwalbar da ta shigo ta kan iyaka a bayan mota. Zink da ya yi yawa shi ma yana hana jiki ɗaukar sinadarin tagulla, ya jawo ƙarancin jinin da ake gudu da lalacewar jijiyoyi.

Masu talla suna son nuna lambar NAFDAC kamar takardar shaidar warkarwa. A duba da kyau. A kan kwalabe da yawa na irin waɗannan kaya da magungunan gargajiya, akwai rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Lambar tana nufin an yi rajista an ga babu cutarwa a bayyane, ba ta ce abin yana maganin sukari ba.

Na san abin da mai karatu zai ce. Abinci ya yi tsada, gidaje da yawa tuwon masara ne safe da dare, nama sai da Sallah, to ina laifin ƙwaya ɗaya da za ta cike giɓin? Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma shi ya sa ake ta ƙoƙarin sauya ƙwayar masu ciki zuwa wadda ta haɗa sinadarai 15, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Amma gidan da ke cin tuwo safe da dare ba shi ne ke sayen kwalbar 'yan talla ba, ba shi da kuɗinta. Mai sayenta shi ne wanda firjinsa ke cike. Shi kuma kwamitin da ke ba Amurkawa shawara kan rigakafi ya duba hujjojin a 2022 ya ce ba su isa a ce haɗin bitamin da ma'adinai yana kare lafiyayye daga ciwon zuciya ko kansa ba. Wanda yake jin kasala da jiri, gwajin jini ya fi masa araha, in likita ya ga giɓi ya rubuta abin da ya dace.

Gidan talaka kuma, abin da zai taimake shi yana kusa da shi fiye da yadda yake zato. Gero da dawa da wake suna da ƙarfe da zink, sai dai akwai wani sinadari a cikinsu da ke riƙe su ya hana hanji tsotsa. Jiƙa hatsi ya kwana, barin gasara ta yi tsami, tsirar da hatsi kafin a niƙa, duk suna sassauta wannan riƙon. Iyayenmu da ke dama koko da kamu ba su san sunan sinadarin ba, amma aikinsu daidai yake. Ƙara da zogale, rama, kuka, daddawa, riɗi, gyaɗa da ƙananan busassun kifi a kunun yaye. A Nijar, tun 2018 aka fitar da irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ta samar da ƙarin ƙarfe a cikin ƙwayarsa, manomi ya shuka ya ci ba tare da ya sayi komai a kemis ba. Irin wannan ne ya kamata gwamnonin da jama'arsu ke rayuwa a kan fura da tuwon gero su sa kuɗi a kai, tare da tabbatar da cewa zink da ƙwayar masu ciki ba sa yankewa a ƙananan asibitoci.

Gishirin ma da na fara da shi, nasararsa ba ta dindindin ba ce. Aidin yana gudu in gishiri ya daɗe a buɗe cikin rana da laima, kamar yadda ake baza shi a faranti a kasuwa ana awo da gwangwani. Gishirin Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa tun kaka da kakanni, da kantun da ake ajiye wa dabbobi, ba su bi ta masana'antar da ake zuba aidin ba, kuma akwai gidajen da har yanzu da su ake miya. Akwai ɗan ruwan gwaji da jami'an lafiya ke ɗiga wa gishiri, in ya koma shuɗi akwai aidin, in ya tsaya fari babu. A shekarun da aka yi yaƙi da maƙoƙo, har makarantun firamare ake bi da shi, yara su zo da gishirin gidajensu a ƙulle cikin leda a gwada.