Sunayen Unguwannin Kano Kundin Tarihi Ne da Muke Bari Yana Zubewa

Yaron da ya yi firamare a Kano zai iya gaya maka cewa Bagauda ne sarki na farko, Muhammadu Rumfa ne ya gina gidan sarki ya kafa Kasuwar Kurmi, Turawa kuma sun ci birnin a 1903. Amma ka tambaye shi abin da ya sa ake kiran unguwarsu Alfindiki ko Zangon Barebari, sai ya yi shiru, kuma sau da yawa mahaifinsa ma shirun zai yi. A ganina wannan giɓi ne babba, domin tarihin sarauta yana gaya mana waɗanda suka mulki Kano, tarihin unguwanni kuwa shi ne yake gaya mana waɗanda suka zauna a cikinta suka raya ta.

Wanda ya bi lungunan cikin birni yana sauraron sunaye kawai zai gane cewa baƙi suna da babban kaso a ginin garin nan. Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, sun bar sawunsu a Madabo da Mandawari da Zaitawa. Sharifai ana danganta ta da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zo a zamanin Rumfa. Tudun Nufawa ta Nufawa ce, Ayagi ta Yarabawa ce, Agadasawa kuma sunanta ya riga ya faɗi inda mutanenta suka fito. Abin da ya fi burge ni shi ne Dandalin Turawa, domin Turawan da ake nufi ba na Ingila ba ne, Larabawa ne fatake daga arewacin Afirka, waɗanda Hausawa suka fara kira da wannan suna tun kafin a ga Bature mai jar fata a ƙasar nan. Jikokin mutanen nan duka yau Kanawa ne, ba wanda ya isa ya tambaye su takardar asali. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan masu son raba mutanen gari zuwa ɗan ƙasa da baƙo, kuma abin takaici ne a ce ba ma amfani da ita.

Wasu unguwannin sana'a ce ta raɗa musu suna, kamar Soron Ɗinki da Dukawa da Lokon Maƙera. Bayan jihadi, gidajen Fulani suka kafu a wurare irin su Yola da Daneji. A wajen badala, Fagge ta daɗe tana zangon ayarin raƙuma, Sabon Gari ta samu ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, Nasarawa kuma ta zama mazaunin Turawan mulki. Ko unguwannin da muke ɗauka sababbi ne suna ɗauke da labari: Gandun Albasa da Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki suna tuna mana gonaki da rijiyoyin da gine-gine suka haɗiye.

Matsalar ita ce mafi yawan wannan ilimi yana cikin kawunan dattawa ne, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ana rushe tsofaffin soraye da zauruka a gina shaguna, an cinye ganuwa a wurare da dama, sannan an cike kududdufai, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina gidajen birni, kuma su ne suke karɓar ruwan damina. Idan gida ya shiga rabon gado aka sayar, magada suka watse zuwa Ɗorayi da Hotoro da Sheka, labarin gidan ma watsewa yake yi.

Akwai masu cewa labarin baka ba abin dogaro ba ne, tunda kowace zuriya tana son ɗaukaka kakanta, kuma sau da yawa za ka ji ruwaya biyu ko uku a kan asalin suna ɗaya. Gaskiya ne, amma aikin masana ke nan, su tattara ruwayoyin su auna su da rubutattun ajami da takardun gidajen malamai. Ba za su iya auna abin da aka binne tare da mai shi ba. Masu cewa talauci ya fi wannan gaggawa su ma suna da hujja, sai dai aikin ba ya bukatar makudan kuɗi, wayar hannu mai naɗar murya ta isa a fara.

Abin da nake roƙo shi ne masarauta ta umarci kowane mai unguwa ya ba da sunayen dattawan da suka san asalin unguwarsa, maza da mata, domin tsofaffin mata sun fi kowa riƙe salsalar aure da zumunci. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero ya tura ɗalibai su naɗi muryoyinsu, Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ta adana, a ajiye kwafi a Gidan Makama inda kowa zai iya zuwa ya saurara. A kuma kafa allo a bakin kowace tsohuwar unguwa, da boko da ajami, mai bayyana ma'anar sunanta da mutanen da suka fara zama a cikinta. A fara da unguwannin da suke kewaye da Kasuwar Kurmi, inda shaguna suka fi saurin cinye gidaje.