Ko Tsutsar Nama Tana da Uwa

Ƙannena masu waƙa da zane da rubutu, ku yi haƙuri da ni yau, abin ya tsaya mini a wuya tun daren Asabar. A wajen dinar wani ɗan'uwa aka miƙa wa wani yaro makirufo, mai gabatarwa ya tambaye shi wa ya koya masa waƙa. Ya gyara baƙin tabarau, cikin dare fa, ya ce shi ba shi da ubangida, ba wanda ya koya masa, da baiwarsa aka haife shi. Aka yi ta tafi. Da aka saki kiɗa sai ga karin wata waƙar Indiya da iyayenmu mata ke rerawa muna goye, amshin kuma na wani tsohon makaɗin fada ne, kalma biyu kacal ya sauya. Dattijon da ke gefena ya ajiye cokali ya ce, "Hankaka ke nan, mai da ɗan wani naka."

Aron bai dame ni ba. Musun asalin ne ya ƙona mini rai.

Wa ya taɓa faɗowa daga sama? Da can mutane sun ɗauka cewa nama ne da kansa ke rikiɗa ya zama tsutsa idan ya ruɓe. A 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya zuba nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe bakin wasu da yadi mai shara-shara. Tsutsa ba ta fito ba sai a naman da ƙuda ya sauka ya yi ƙwai. Ashe ita ma tana da uwa. To kai da ka fi tsutsa daraja, me ya sa kake so a ce daga babu ka ɓullo? Samarwa daga babu ikon Allah ne shi kaɗai, kuma ko Annabi Adamu da ƙasa aka gina shi. Mu ’yan Adam iri muke samu mu shuka.

Ku dubi waɗanda suka isa. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya buɗe ido, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, ya kuma daɗe yana yi wa yayansa Abdu Kurna amshi kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ya rasu tun 1991, amma har gobe in aka sa waƙarsa ba mai tambayar ko wane ne. Ladi Kwali da ke jikin naira 20, a hannun wata ’yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane a ƙauyen Kwali, a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta wani Bature, Michael Cardew, da ke Suleja, ta koyi sabon salo, amma ba ta yar da zanen ƙadangare da kifi da kada na gida ba. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa a Magana Jari Ce, ya dafa su da tukunyar Hausa har suka zama namu. Ɗa yakan ɗauko hancin uba da idon uwa, amma fuskar tasa ce.

Ku kuwa sai ci ku goge baki kamar kaza. Telan da ya yi shekara huɗu yana share shagon maigidansa, yau ya buɗe shafi a Instagram ya ce shi ya ƙirƙiro ɗinkin. Marubuciya ta kwashe littafin wata a WhatsApp, ta sauya sunan jaruma, ta rubuta "haƙƙin mallaka nawa ne" da manyan baƙaƙe. Ba zan ma shiga maganar sayen mabiya na bogi da zage-zagen iyayen juna a TikTok ba, ko na'urar gyaran murya da in wuta ta ɗauke mawaƙin ma ya ɗauke. Kayan aro ba ya rufe katara, wallahi.

Me zai rage ka in ka ce wane ne malamina? Ku ji tsoron Allah ku gyara, ku san na gaba da ku.

A da makaɗi ba ya fara waƙa sai ya gaida maigidansa, ya ambaci wanda ya gada. Ɗan amshi sai ya yi shekaru a baya yana karɓi kafin a ba shi baki, kuma ba ya jin an tauye shi. Maƙeri in ka yaba wuƙarsa sai ya ce aikin Baba ne, ni taɓawa nake yi. Ina wannan kunyar ta tafi? Yaron nan na dina, da aka tashi na ga ya wuce dattijon nan ko sannu babu, yana latsa waya. Daga baya aka gaya mini dattijon tsohon mai kalangu ne, kuma a ƙofar gidansa yaron ya fara riƙe makaɗi.